Honarabul: yadda kalmar zauren majalisa ta koma kiran ƙofar gida

Ranar wata Asabar da hantsi na raka ƙanen mahaifina gidan ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinmu. Matarsa za a yi wa aiki a asibiti, an yanka masa kuɗin da ko ya sayar da tumakinsa biyu ba za su kai rabi ba. Mun tarar da mutane sun fi arba'in a ƙofar gidan, wasu kan benci, wasu kan tabarma a inuwar katanga, kowa da abin da ya riƙo. Wannan takardar magani, wancan katin ɗaurin aure, wata tsohuwa kuma da takardar kuɗin jarrabawar jikanta a ƙunshe cikin leda. Wajen ƙarfe 11 aka buɗe ƙyaure, hancin mota ya leƙo, nan take wurin ya ɗauka: "Honarabul! Honarabul! Allah ya maimaita mana!" Baffa ya haura shekara saba'in, kuma yana cikin waɗanda suka ci goron sunan wannan ɗan majalisa. Ya miƙe da ƙyar, ya dunƙule hannu ya ɗaga, shi ma ya ce, "Honarabul, Allah ya taimake ka."

A hanyar dawowa na ce masa, "Baffa, ai ka san sunansa na yanka, ka san ubansa, me ya hana ka kira shi da sunansa?" Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, mai nema ba ya kiran suna." Tun ranar kalmar nan ta tsaya mini a rai, na shiga bin sawunta.

Kalmar Turanci ce, honourable, tushenta na Latin, ta biyo ta Faransanci kafin ta shiga bakin mutanen Ingila. Ma'anarta wanda ya cancanci a girmama shi, wato mai mutunci. Turawa ba sa furta harafin h da ke farkonta, shi ya sa take da lafazi biyu a wurinmu. Wanda ya koye ta da kunne yakan ce Onarabul. Wanda ya fara ganinta a rubuce, haruffa uku da ɗigo, wato Hon., a gaban suna jikin fasta, shi ne ya ce Honarabul, kuma wannan lafazin ne ya fi yawa a Kano da kewaye. Ƙarshenta kuwa hanyar Baibul da kebul ta bi, domin harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu su cunkushe babu wasali a tsakani. Ba ta da siffar mace, Hajiya ma Honarabul ce. Idan za a jam'inta ta sai a ce su Honarabul.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin da kalmar ke yi a gidan da ta fito. A majalisar dokokin Birtaniya, ɗan majalisa ba ya kiran ɗan'uwansa da suna a cikin zaure, ba ya ma fuskantarsa ya ce masa kai. Kakakin majalisa yake yi wa magana, idan zai ambaci wani sai ya ce ɗan majalisa mai mutunci mai wakiltar mazaɓa kaza. In ɗan jam'iyyarsu ne ya ce abokina mai mutunci. Wanda aka sa cikin majalisar mashawartan sarkin Ingila shi ake ƙara wa girma a ce Rait Honarabul. Hikimar ita ce a sanyaya zuciya, don mutane biyu da ke jayayya kan haraji ko yaƙi kada su kai ga zagin juna. An hana su kiran juna maƙaryata, wanda ya yi sai kakaki ya sa shi ya janye. In kuma ɗan majalisa ya yi taurin kai har kakaki ya ambaci sunansa na ainihi a zaure, wannan ambaton kansa hukunci ne, dakatarwa ke biyo bayansa, ta kwana biyar na zaman majalisa a karon farko. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Mu ma muna da alkunya, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma a fada akwai mai isar da magana tsakanin sarki da wanda ya zo gaisuwa.

To amma a lura da abu biyu. Na farko, a can kalmar ba ta tafiya ita kaɗai, kullum tana ɗaure da sunan mazaɓa. Mutuncin da ake ambata na kujerar ne da mutanen da suka aiko mai kujerar. Na biyu, a bakin ƙofar zaure take tsayawa. Ɗan majalisar Birtaniya ba ya rubuta Hon. gaban sunansa don an zaɓe shi. Haruffa biyu, MP, yake sawa bayan suna, kuma ranar da aka rushe majalisa don shiga zaɓe sai ya ajiye su, har sai an sake zaɓensa. Masu ɗaukar laƙabin a wajen majalisa a ƙasar su ne 'ya'yan wasu masu sarautar gado da alƙalan babbar kotu.

Ta shigo mana da tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947 ya kafa Majalisar Dokokin Arewa da Majalisar Sarakuna a Kaduna. Da aka zo tsarin Macpherson na 1951 aka faɗaɗa zaɓe, al'adun zauren Ingila suka zauna daram, har da sandar majalisa da salon magana ta bakin shugaban zama. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Rait Honarabul na haƙiƙa a 1961, lokacin da aka sa shi cikin waccan majalisar mashawarta ta Sarauniyar Ingila. Duk da haka ka tambayi dattawan da suka ga zamanin yadda ake kiran 'yan siyasar lokacin a kasuwa da dandali. Ahmadu Bello Sardauna ne, ko Firimiya, ko Gamji a bakin maroƙa. Ministan kuɗin Arewa Makaman Bida ne. Inuwa Wada Magajin Gari, Maitama Sule Ɗanmasani. Aminu Kano ya ci zaɓen majalisar tarayya a 1959, amma har ya koma ga Allah a 1983 sunansa Malam, in ka ce Malam a Kano ba ka buƙatar ƙari. Mutanen nan sun yi siyasa da sunayen da al'ummarsu ta san su da su, na sarauta ko na malanta, Honarabul ta zauna cikin takardun majalisa.

Abin da ya fito da ita titi yawan kujeru ne. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo kansila zaɓaɓɓe har cikin unguwa da ƙauye. A 1979 ƙasar ta bar tsarin firayim minista ta koma irin na Amurka, amma kalmar ba ta bi tsohon tsarin ta tafi ba. Daga 1999 kuma, da mulkin farar hula ya ɗore ba yankewa, abin ya zama ruwan dare. Majalisar wakilai ta tarayya kujera 360 ce. Majalisun jihohi 993 a zaɓen 2023. Ƙananan hukumomi 774, mazaɓun da ke cikinsu 8,809 a lissafin hukumar zaɓe ta ƙasa. Ɗauki Jihar Kano kaɗai: kansila 484, ciyaman 44, 'yan majalisar jiha 40, na tarayya 24. Mutum 592 ke nan a zubi ɗaya, ba a ƙirga mataimakan ciyaman ba. Sanatoci 109 sun ware kansu da wani laƙabin daban, su Distingwish ne, amma talaka Sanata yake cewa ya huta. An yi babban zaɓe sau bakwai daga 1999 zuwa 2023, kowane zubi ya haifi sababbi, tsofaffin kuma ba wanda ya ajiye sunan.

Daga nan ta tsallaka kan waɗanda ba a zaɓa ba. Kwamishina Honarabul ne, kantoman riƙo haka, kansilan gafaka haka, mai ba gwamna shawara haka, har yaron da aka ba takardar mataimaki kan kafafen sada zumunta. Sai ta sake sauka mataki ɗaya: wanda ya buga fasta. Ranar da hotonka ya hau bangon makarantar firamare da jikin turken lantarki, ka zama Honarabul mai jiran gado. Ka faɗi zaɓen fidda gwani, ko ma ka janye tun kafin a je, sunan ya riga ya manne. Buɗe Facebook ka rubuta haruffan nan uku ka ga yawan matasan da ba su taɓa tsayawa takarar komai ba amma sun sa su gaban sunansu. A ƙasar da kalmar ta fito wani ne ke kiranka da ita, ba a san mutum ya raɗa wa kansa ba.

Yanzu kalma ɗaya ce amma murya ce ke faɗin abin da ake nufi. Akwai Honarabul ta girmamawa tsakani da Allah, wadda mai gabatarwa ke faɗa a taron yaye ɗalibai. Akwai ta ƙofar gida, irin wadda na ji ranar Asabar ɗin nan, mai jan wasalin ƙarshe, wadda ma'anarta a duba mu. 'Yan jagaliya da sojojin baka na gidajen rediyo sun ƙware a wannan, suna haɗa ta da jagora da uban tafiya da mai gida. Akwai ta tsokana tsakanin abokai: ka ɗinka sabuwar shadda ka kafa zanna bukar ka fito majalisa, wani zai ce yau Honarabul ne da kansa. Sannan akwai wadda ta fi yawa a teburin mai shayi da cikin motar haya, wato su Honarabul. Su Honarabul sun tare a Abuja, sai kakar zaɓe. Su Honarabul sun kai 'ya'yansu karatu waje. A nan kalmar ta bar mutum ɗaya ta zama sunan jinsin 'yan siyasa gaba ɗaya, kuma duk wanda ya ji yadda ake furta ta ya san ba yabo ake yi ba. Kalmar da aka ƙera don ta ce mai mutunci ta wayi gari tana ɗauke da ƙorafin mutanen da suka gaji da alkawari.

Ita kanta siyasa irin wannan gangara ta yi. Balarabiya ce, tushenta kula da abu da rainonsa, kamar yadda mai kula da doki ke yi, kuma akwai hadisi ingantacce da ya yi amfani da wannan tushe wajen faɗin yadda annabawa suka riƙa jagorantar Banu Isra'ila. A tsohuwar Hausa lallashi da sassauci take nufi, har yau dattijo a kasuwa zai ce wa mai kaya yi mini siyasa mana. Amma ka ce wa matashi wane ya yi maka alkawari, zai ce rabu da shi, siyasa ce.

Me ya sa sunan ya manne a wurinmu alhali a can cire shi ake yi? A ganina mun zuba shi ne a mazubin da muka saba da shi, mazubin rawani. A ƙasar Hausa laƙabi ba ya da wa'adi. Wanda aka naɗa Galadima ba a ce masa bayan shekara huɗu ya dawo da sunan. Wanda ya sauke farali Alhaji ne har kabari. Alhaji ma ita ce 'yar'uwar Honarabul ta kusa. Lokacin da ake tafiya Makka a ƙasa, a ratsa Chadi da Sudan, a yi shekaru kafin a dawo, wasu ma su zauna can ba su dawo ba, Alhaji abu ne mai wuyar samu a gari. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiyar ga mai hali, sai kalmar ta jingina da kuɗi, har ta kai yaron shago na kiran duk mai ƙiba da mota Alhaji ko bai taɓa ganin Jidda ba. Honarabul ta bi wannan sawu. Ta fara da aiki, ta koma matsayi, ta ƙare a alamar wanda ake sa ran akwai wani abu a aljihunsa.

Wanda sunan ya manne wa ma ba kullum yake jin daɗinsa ba, wannan na gani da idona. Akwai maƙwabcinmu da ya yi kansila zubi ɗaya, shekara uku. Kafin nan tela ne mai rufin asiri. Bayan ya sauka bai iya komawa kan keken ɗinki ba, domin duk wanda ya wuce zai ce Honarabul, kai ne a nan? Ya ɗauki shekaru yana yawo tsakanin gidajen manya da fayil a hammata yana jiran a tuna da shi. Har yanzu in an yi haihuwa ko rasuwa a layin, ana aiko masa da kati, ana sa ran ya yi abin da ya fi na kowa. Na taɓa ganinsa da magariba ya tsaya nesa da mai awo, ya jira mutane suka watse kafin ya matso ya karɓi kwano ɗaya na masara bashi. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ko lokacin da yake kan kujerar ma ƙaramin iko gare shi. Kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, bisa sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999, kuma kowa ya san wanda ke riƙe da bakin jakar. Sai a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Kansila ya samu suna mai nauyi, an hana shi abin da zai ɗauki nauyin da shi, mutanen unguwa kuma sunan suke ji.

Babbar ɓarnar tana tsakanin mai zaɓe da wanda ya zaɓa. Aikin ɗan majalisa a rubuce yake: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ɓangaren zartarwa ya kashe abin da aka ware. Sashe na 88 ya ba majalisar tarayya ikon bincike, na 128 ya ba majalisun jihohi. A cikin mutum arba'in da muka zauna da su a ƙofar gidan nan, babu wanda ya zo tambayar nawa aka ware wa asibitin garinmu a kasafin bana, ko me ya sa wanda aka ware bara bai iso ba. Ni kaina ban zo da wannan tambayar ba. Kowa ya zo da matsalar gidansa, yana fatan a cire masa daga aljihu. Ɗan majalisar da ya dage a kwamiti har aka sa kuɗin magani a kasafi, amma ba ya rabon kuɗi a ƙofar gida, marowaci ne a bakin jama'a, kuma da wuya ya koma. Wanda bai taɓa buɗe baki a zaure ba, amma yana rabon shinkafa da azumi, taliya da atamfa ranar zaɓe, shi ne Honarabul na talakawa. Ayyukan mazaɓu, da aka kwashe shekaru ana ware wa naira biliyan 100 a shekara a kasafin tarayya, sun ƙara ƙarfafa wannan fahimta. Kuɗin jama'a ne, amma rijiyar burtsatse ko keken ɗinkin da aka raba sai ka ga allo da hoton mutum a jiki, an rubuta kyauta daga Honarabul wane.

Ba na ganin laifin Baffa, ko kaɗan. Mutumin da matarsa ke kwance ba ya da lokacin karanta kasafin kuɗi. Rashin magani a asibitin gwamnati ne ya kai shi ƙofar gidan, kuma rashin maganin yana da alaƙa da aikin da ba a yi ba a zauren da mai gidan ke zama. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda zagayen ya rufe kansa: aikin da aka bari ya haifi layin mabuƙata, layin mabuƙata ya zama ma'aunin kirkin ɗan majalisa, kalmar Honarabul kuma ita ce gaisuwar da ake biya a shiga layin.

Ba mu kaɗai ba ne. A Nijar, inda Faransanci ya shigo da ita ba a furta h, an daɗe ana kiran ɗan majalisar dokoki da ita. A Gana, har wakilin unguwa a majalisar gunduma Honarabul ne, mutanen zango sun san haka. A Kenya kalmar Suwahili ce mai wannan ma'ana, mheshimiwa, matasa suka gutsure ta suka mai da ita mhesh, kuma ita ma ta zama kiran duk wanda ake sa ran zai miƙo wani abu.

Abin da ya ba ni mamaki da na zauna na yi tunani shi ne muna da tamu kalmar, kuma ta fi wannan faɗin gaskiyar aikin. Wakili. Ita ce ma a sunan majalisar, majalisar wakilai. Duk Bahaushen da ya taɓa zama wurin ɗaurin aure ya san mene ne wakili. Liman zai tambaya, ina wakilin ango? Mutum ya matso, ya nemi auren a madadin wanda ya aiko shi, ya karɓa a madadinsa. Ba shi da ikon ya karɓo wata yarinyar daban, ba shi da ikon ya ƙara ko ya rage abin da aka aiko shi da shi, in an shafa fatiha kuma wakilcinsa ya ƙare, ya koma kawu ko baffa kamar da. Kalmar ba ta cika sai an ce wakilin wa, kamar dai yadda ta Ingila ba ta cika sai an faɗi mazaɓa. Mu da muka aro tasu sai muka yanke wannan jelar, muka liƙa sunan mutum a gurbinta. Dokar ƙasa ma a kan fahimtar wakilci ta ginu, shi ya sa sashe na 69 da na 110 suka ba masu zaɓe damar kiranye, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu kan takardar koke. Wanda ka aika kaɗai kake iya kira ya dawo. Ba na cewa sauya kalma zai kawo magani asibiti. Amma na lura bakin da ya saba cewa wakilinmu ya fi saurin tambayar ina aka kwana a kan aiken, bakin da ya saba cewa Honarabul kuma addu'a da godiya suka fi zuwar masa.

Ranar Asabar ɗin nan, wani yaron gidan ne ya biyo mu da ambulan bayan motar ta wuce. Abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin aikin ba. Baffa ya yi godiya, ya sayar da tumakin, dangi suka haɗa sauran, aka yi aiki, Allah ya ba ta lafiya. Bayan kusan shekara guda aka yi rasuwa a unguwarmu, ɗan majalisar ya zo ta'aziyya. Wurin zaman makoki ba ƙofar gidansa ba ce, don haka ya cire takalmi ya durƙusa gaban dattawa kamar kowa. Da ya iso kan Baffa, sai na ji Baffa ya kira shi da sunansa na yanka, ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa, sannan ya ce, "Ɗana, asibitin nan namu har yanzu babu likita mai kwana. Mu muka aike ka, ina maganar ta tsaya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ana kan magana, in Allah ya yarda." Har yau ba a kawo likitan ba. Baffa ya ce in ya zo gida da babbar sallah zai sake tambayarsa.